Kukis da Dabarun Bibiya a Intanet: Yadda Suke Aiki da Abin da Doka Ta Tanada

Kusan duk wanda ya taɓa buɗe shafin labarai, na banki ko na kasuwanci a wayarsa ya ci karo da wata 'yar sanarwa da ke fitowa a ƙasan shafin tana neman ya amince da "kukis". Yawancin mutane kan danna maɓallin amincewa ba tare da karantawa ba, don su hanzarta zuwa ga abin da ya kawo su. Sai dai wannan dannawa guda tana iya bai wa kamfanoni da dama, waɗanda mutum bai taɓa jin sunansu ba, damar sanin shafukan da yake ziyarta, kayan da yake dubawa, da lokutan da yake hawa intanet. Bayanan da ake tarawa ta wannan hanya su ne jarin kasuwar tallace-tallacen zamani, kuma su ne suka jawo dokoki da tarar miliyoyin kuɗi a Turai, Amurka da Najeriya.

Mene ne kuki?

Kuki ɗan ƙaramin rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, kamar Chrome, Safari, Firefox ko Opera. Girmansa ba ya wuce kimanin kilobayit 4. Yana ɗauke da suna, da abin da aka rubuta a ciki, da adireshin shafin da ya mallake shi, da kuma ranar da wa'adinsa zai ƙare. Duk lokacin da mutum ya sake buɗe wannan shafi, burauza takan mayar wa shafin da kukin kai tsaye, ba tare da ta tambayi mai wayar ba.

Dalilin ƙirƙiro shi yana cikin yadda aka gina intanet tun farko. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da shafuka ke musayar saƙo da ita, ba ta riƙe tarihi. Kowace buƙata da ta isa babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, ana karɓar ta kamar daga baƙon da bai taɓa zuwa ba. Da ba don kuki ba, da wanda ya shigar da kalmar sirrinsa a shafi na farko sai ya sake shigar da ita a na biyu da na uku.

Misali mafi kusa shi ne katin asibiti. Katin da majinyaci ke riƙewa ba ya ƙunshe da tarihin rashin lafiyarsa, lamba ce kawai a jikinsa. Fayil ɗin yana ofishin ajiyar bayanai na asibitin, kuma da zarar an nuna katin sai a zaro shi. Haka yawancin kukis suke: lamba ce a wayar mutum, cikakken bayanin kuma yana can a rumbun kamfani. Kuki ba manhaja ba ne, ba ya iya kwashe hotuna ko lambobin waya da ke cikin na'ura, kuma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ne. Ƙarfinsa duka yana cikin iya tantance cewa wanda ya zo yau shi ne wanda ya zo jiya.

Asalinsa

Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro kuki a shekarar 1994, lokacin yana aiki a kamfanin Netscape na Amurka. Matsalar da ake son warwarewa ta kasuwanci ce: yadda shagon intanet zai tuna kayan da mai saye ya zaɓa yayin da yake zagayawa daga wannan shafi zuwa wancan. Sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar kalma da masu rubuta manhajoji ke amfani da ita ga ɗan bayanin da wata manhaja ke karɓa ta kuma mayar yadda yake. A Turancin Amurka kalmar tana nufin wani nau'in biskit, amma ba ta da wata alaƙa da abinci a nan.

Da farko burauzoji suna karɓar kukis ba tare da sanar da kowa ba. Jama'a ba su farga ba sai bayan da jaridar Financial Times ta Birtaniya ta yi rahoto a kan batun a watan Fabrairun 1996. A 1997 ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet, IETF, ta fitar da ƙa'idar farko ta kukis, inda ta ba da shawarar kada burauza ta riƙa karɓar kukis daga shafin da mutum bai ziyarta da kansa ba, sai in shi ya ba da izini. Manyan masu ƙera burauza na lokacin ba su bi wannan shawara ba. An sabunta ƙa'idar a 2000, sannan a 2011 aka fitar da wadda ake kira RFC 6265.

Rabe-raben kukis

Ana raba kukis ta fuska uku. Ta fuskar daɗewa, akwai na wucin gadi, waɗanda aka tsara su ɓace idan an rufe burauza, da masu ɗorewa, waɗanda ke zama na kwanaki, watanni ko fiye da shekara har sai wa'adinsu ya cika ko an goge su.

Ta fuskar mai shi, akwai na shafin da mutum ya buɗe da kansa, da kuma na wani kamfani na daban da aka saka hajarsa a cikin shafin, kamar allon talla, bidiyo ko maɓallin yaɗawa a shafukan sada zumunta. Wannan kashi na biyu, da ake kira kukis na ɓangare na uku, shi ne tushen yawancin ce-ce-ku-cen da ake yi.

Ta fuskar aiki kuwa, akwai na dole, waɗanda shafi ba zai yi aiki ba sai da su, kamar masu riƙe shaidar shiga asusun banki. Akwai masu tuna zaɓi, kamar wanda ke sa shafi ya riƙa buɗewa da Hausa maimakon Turanci. Akwai na ƙididdiga, masu lissafa yawan baƙi da labarin da aka fi karantawa. Na ƙarshe su ne na talla, masu tattara halayyar mutum domin a nuna masa tallan da ake ganin zai ja hankalinsa.

Yadda ake bin sawu daga shafi zuwa shafi

Shafin da ke bayyana a fuskar waya ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Rubutun labari yana iya fitowa daga kwamfutar gidan jaridar, tallan gefe daga kamfanin talla, bidiyo daga wani wuri dabam. Kowane daga cikinsu yana iya ajiye nasa kukin.

Idan kamfanin talla guda yana da allo a dubban shafuka, to lambar da ya bai wa burauzar mutum a shafi na farko za ta riƙa komo masa daga duk sauran. Da safe lambar ta bayyana a shafin wasanni, da rana a shagon sayar da takalma, da dare a shafin da ke bayani kan ciwon suga. Kamfanin bai buƙatar sanin sunan mai wayar kafin ya haɗa waɗannan ya fitar da hoton rayuwarsa: namiji ne ko mace, a wane gari yake, me yake sha'awa, me ke damunsa. Wannan ne ya sa wanda ya duba takalmi a wani shago kan ga tallan takalmin nan yana binsa a wasu shafuka har tsawon kwanaki.

A yau ana sayar da gurbin talla ne ta hanyar gwanjon da kwamfutoci ke yi a tsakaninsu. A cikin ɗan lokacin da shafi ke buɗewa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ana aika bayanin mai ziyara ga kamfanoni masu yawa, kowanne ya yi tayi, wanda ya fi tsada ya samu gurbin. Waɗanda ba su yi nasara ba su ma sun riga sun ga bayanin. Kamfanonin kan kuma daidaita lambobinsu da juna, ta yadda kowanne zai gane cewa lamba kaza a wurinsa ita ce lamba kaza a wurin ɗan'uwansa.

Rigima kan wannan tsari ta daɗe. A 1999 kamfanin talla na DoubleClick ya sayi Abacus Direct, mai riƙe da sunaye da adiresoshin masu sayayya a Amurka, da niyyar haɗa su da bayanan kukis. Suka daga jama'a da binciken hukumomi suka sa ya janye shirin a 2000. Daga baya Google ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, cinikin da aka kammala a 2008.

Dabarun da suka wuce kuki

Goge kukis ba ya kawo ƙarshen bibiya, domin akwai wasu hanyoyin.

Ta farko ita ce ɗigon bibiya, wanda ake kira fiksel. Hoto ne ƙanƙani da ido ba ya gani, ko 'yan layukan umarni da ake dasawa a shafi ko a saƙon imel. Da zarar an buɗe shafin ko saƙon, sai labari ya koma ga mai ɗigon cewa an buɗe, a lokaci kaza, da na'ura kaza. Fiksel na kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, da manhajar ƙididdiga ta Google Analytics suna cikin waɗanda suka fi yaɗuwa.

Ta biyu ita ce tantance na'ura ta siffofinta, kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa. Shafi yana iya tambayar burauza nau'inta, girman fuskar na'ura, harshen da aka saita, yankin lokaci, nau'ukan haruffan da ke ciki, da yadda take zana hoto. Kowane ɗaya ba ya nuna kowa, amma idan an haɗa su sukan bambanta na'ura guda daga dubbai. Ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet ta EFF da ke Amurka ta gwada wannan a 2010, ta gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na burauzojin da suka shiga gwajin suna da siffar da babu mai irinta. Wannan dabara ba ta ajiye komai a waya, saboda haka babu abin gogewa.

Ta uku ta shafi manhajojin waya, waɗanda ba kukis suka fi dogara da su ba. Wayoyin Android da iPhone suna da lambar talla ta musamman, wadda manhajoji ke iya karantawa su aika wa kamfanonin talla. Ta huɗu ita ce lambobin da ake liƙawa a ƙarshen adireshin shafi, waɗanda ke bayyana inda mutum ya fito. Ta biyar, kuma mafi sauƙi, ita ce shiga da asusu: wanda ya shiga da imel ko lambar waya ya riga ya gabatar da kansa, kuma ana iya haɗa abin da ya yi a waya da wanda ya yi a kwamfuta.

Amfani da haɗari

Kukis suna da amfanin da ba a musantawa. Da su ake hada-hadar banki, cike takardun neman aiki ko rajistar jarrabawa ba tare da an fara daga farko a kowane mataki ba. Bankuna na amfani da su wajen gane na'urar da ba a saba gani ba, abin da ke taimakawa wajen daƙile zamba. Kuɗin talla kuma su ne ke riƙe da kafafen labarai da yawa da ake karantawa kyauta.

Haɗarin kashi biyu ne. Na farko shi ne tonon sirri. Abin da mutum ke nema a intanet yana iya bayyana rashin lafiyarsa, bashin da ke kansa, aƙidarsa ko ra'ayinsa na siyasa. A 2022 kafar bincike ta The Markup ta gano fiksel na Meta a shafukan asibitoci 33 cikin manyan asibitoci 100 na Amurka, yana aika bayani idan mutum ya danna neman ganin likita.

Na biyu shi ne sata. Kukin da ke riƙe shaidar shiga asusu tamkar mabuɗi ne, wanda ya same shi yana iya shiga ba tare da kalmar sirri ba. A 2010 wani mai rubuta manhajoji, Eric Butler, ya fitar da Firesheep, wadda ta nuna yadda ake kwashe irin waɗannan kukis daga mutanen da ke amfani da Wi-Fi na bai-ɗaya. Abin ya ƙara matsa wa manyan shafuka lamba su koma HTTPS, tsarin da ke ɓoye saƙo tsakanin burauza da shafi. Har yanzu ɓarayin intanet na amfani da miyagun manhajoji wajen satar kukis daga cikin na'ura. A inda mutane ke aron waya ko amfani da kwamfutar shagon intanet, kamar yadda aka saba a lokutan rajistar jarrabawa, wanda ya tashi bai fita daga asusunsa ba ya bar wa na bayansa ƙofa a buɗe.

Dokokin Turai da matakan kamfanoni

Sanarwar kukis da ta cika shafuka ta samo asali ne daga Tarayyar Turai. Dokar sirrin sadarwa ta 2002, da aka yi wa gyara a 2009, ta wajabta neman izini kafin a ajiye kukin da ba na dole ba. Babbar dokar kare bayanai ta GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta tsaurara ma'anar izini, ta kuma tanadi tarar da ke iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duk duniya. A Oktoban 2019 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a shari'ar Planet49 cewa akwatin da aka riga aka yi wa alamar amincewa ba izini ba ne.

Hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci tarar Google yuro miliyan 100 da Amazon yuro miliyan 35 a Disambar 2020, saboda ajiye kukis na talla ba tare da izini ba. A Janairun 2022 ta sanar da tarar yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda amincewa tana buƙatar dannawa ɗaya, ƙin amincewa kuwa sai an bi matakai da yawa.

Masu ƙera burauza su ma sun ɗauki matakai. Firefox ta fara toshe kukis na bibiya kai tsaye a 2019, Safari ta toshe na ɓangare na uku gaba ɗaya a 2020. A 2021 Apple ya tilasta wa manhajojin iPhone neman izini kafin bin sawun mutum, matakin da Meta ya ce zai rage masa kuɗin shiga da kimanin dala biliyan 10 a 2022. Google ya sanar a Janairun 2020 cewa zai cire kukis na ɓangare na uku daga Chrome cikin shekara biyu, ya ɗage wa'adin sau da dama, sannan a Yulin 2024 ya ce ya fasa.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da maganganunsu na waya. A Janairun 2019 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai. A Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji.

Dokar ta ɗauki lambar da ake gane mutum da ita a intanet a matsayin bayanin sirri, ko da ba a haɗa ta da suna ba. Ta ce izini dole ya kasance an bayar da shi bisa son rai da sanin abin da aka amince da shi, kuma shiru ko rashin yin komai ba izini ba ne. Mai bayanai yana da haƙƙin tambayar abin da aka tara a kansa, neman a gyara ko a goge, janye izininsa a duk lokacin da ya so, da ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Game da yara 'yan ƙasa da shekara 18, sai an samu izinin iyaye ko mariƙa. Dokar ta shafi har kamfanonin waje da ke sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya.

Manyan masu sarrafa bayanai da suka karya dokar na iya fuskantar tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuwa, naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100. A Maris 2025 hukumar ta fitar da umarnin aiwatar da dokar, wanda ya buƙaci shafuka su nuna sanarwar kukis a fili, su kuma bai wa mai ziyara zaɓin amincewa ko ƙi. Tun kafin nan, a Yulin 2024, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 bayan binciken da ta yi tare da NDPC kan yadda kamfanin ke sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta musamman ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Matakan kare kai

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma yawancin matakan ba sa buƙatar ƙwarewa. Idan sanarwar kukis ta fito, mutum na iya zaɓar ƙin amincewa ko amincewa da na dole kaɗai, kuma a mafi yawan lokuta shafin zai ci gaba da aiki. A sashen sirri na saitin burauza akwai wurin toshe kukis na ɓangare na uku da wurin goge waɗanda suka taru, sai dai gogewa na fitar da mutum daga asusunsa, don haka yana da kyau ya tabbatar yana tuna kalmomin sirrinsa tukuna. A wayoyin Android ana iya goge lambar talla daga saitin waya, a iPhone kuma ana iya hana manhajoji neman izinin bibiya.

Yanayin sirri na burauza, wanda Chrome ke kira Incognito, yana hana ajiye tarihi da kukis a cikin na'ura bayan an rufe, amma ba ya ɓoye mutum daga shafin da ya ziyarta, kamfanin sadarwarsa ko ma'aikatar da yake amfani da intanet ɗinta. Ya fi amfani a na'urar aro. Manhajar VPN tana sauya adireshin intanet da shafi ke gani, amma ba ta hana kukis aiki.

Wanda ya yi amfani da kwamfutar da ba tasa ba, ya danna fita daga asusu kafin ya tashi, domin rufe shafi kaɗai ba ya wadatarwa. Sabunta burauza a kai a kai da guje wa sauke manhajoji daga wuraren da ba a sani ba suna rage haɗarin satar kukis. Duk wanda kuma ya ga an yi amfani da bayanansa ba bisa ƙa'ida ba, dokar 2023 ta ba shi damar rubuta wa kamfanin da abin ya shafa, ko ya kai ƙorafi gaban NDPC a Abuja.